Ruwa Ya Yi Gyara

Akwai wani dattijo a wani ƙauye na karkarar Karofane, can wajen Buza, ana ce masa Baba Isaka. Manomi ne, gero da dawa, sai 'yan awaki huɗu a bayan gida. Matarsa Inna Kulu ce. Tare suka tsufa, har maƙwabta na cewa tarinsu ma iri ɗaya ne.

'Ya'ya biyu suka rayu musu. Mahfuzu direba ne na babbar mota, yana kai albasa Abijan. Ƙanwarsa Shafa'atu tana koyarwa a wata lakwal, makarantar boko, a Buza.

Duk rayuwar Inna Kulu a ɗakin ƙasa ta yi ta. Kun san aikin. Damina na tsayawa a jera kwanoni a tsakar ɗaki, wannan na ɗis, wancan na ɗis, ana jan tabarma daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mahfuzu ya tashi yana ganin haka. Da Allah ya buɗa masa, bai sayi ko agogo ba sai da ya gina wa iyayensa ciki da falo na bulo, da rufin kwano mai ƙyalli.

Ranar da suka tare, ya kwashi kwanonin tarar ruwan ya miƙa wa uwarsa.

"Inna, kwano ya koma bisa. Na ƙasa ki ci tuwo da su."

Bai tsaya nan ba. Ya je Madawa ya sa gidan cikin asirans, wato wannan tsarin da kake biya duk shekara, in iska ko ruwa ko gobara ta taɓa gidanka kamfanin ya gyara maka. Mutanen ƙauye sun yi dariya. Wani ya ce bai taɓa jin an yi wa ɗaki asusu ba. Mahfuzu ya ce su yi ta dariya, shi kullum yana kan hanya, yana so ko ba ya nan a samu mai tsaya wa tsofaffi.

Shekara biyu bayan haka motarsa ta faɗi a hanyar dawowa. Gawarsa ma ba a kawo ba, can aka rufe shi.

Shafa'atu ta ci gaba da biyan asirans ɗin duk shekara, ba fashi. Inna Kulu kuwa ta maƙale wa ɗakin. Ba ta taɓa kama sunan ɗanta ba, don sunan surukinta aka sa masa, sai dai ta ce "yaron nan". Ɗakin ma haka take kiransa, ɗakin yaron nan. Kullum da safe sai ta share shi sau biyu.

Cikin watan Agusta, wata Laraba bayan la'asar, gabas ta haɗe. Iska ta fara zuwa, sannan ƙanƙara manya-manya, sannan ruwa kamar da bakin tulu. Iskar ta ɗaga kwano biyu daga kan uwar ɗaki ta jefa su garken maƙwabta. Sauran ta sassauta musu ƙusa, ƙanƙara ta huda wasu. Kafin magariba katifar Inna Kulu ta sha ruwa, ita ma ta jiƙe jagab, don ta ƙi fita, tana ta kare hoton ɗanta da zanenta.

Washegari ta fara tari.

Shafa'atu tana Tawa a lokacin, wajen wani horon malamai da ba a fita sai an gama. Da labari ya iske ta, ta buga waya biro, wato ofishin kamfanin a Madawa, suka ce za su turo ma'aikacinsu ya gani da ido.

Suka turo Nazifi.

Bari in kwatanta muku Nazifi. Yaro ne ɗan Allakaye, nan kusa, uwarsa Hajjo har yau tana sayar da ƙuli-ƙuli a kasuwarsu. Amma tun da ya yi karatu a Yamai ya sami aikin biro, Hausa ta fara yi masa nauyi a baki, sai ya cakuɗa ta da Faransanci. Ba ya buɗe magana sai da "bon", ba ya tsakiyarta sai da "donk", ba ya rufe ta sai da "bwala". Yana tafiya yana ɗaga ƙafa kamar ƙasar ƙauye za ta bi shi gida. Sabo ne a aikin, kuma wani ya raɗa masa cewa ma'aikacin da ke hana kamfani fitar da kuɗi shi ke saurin hawa.

Ya shigo gidan da takalmi har kan tabarma. Inna Kulu, da tarinta da komai, ta dama masa fura. Ya ce shi ya riga ya karya. Ya ɗaga kai ya dubi sama ta inda kwano ya tashi, ya ɗauki foto biyu, ya zaro wayarsa ya danna ɗaukar murya.

"Bon. Tsoho, donk, ruwan ranar Laraba ya yi muku ɓarna?"

Baba Isaka ya ɗan ja baya kamar an zage shi.

"A'a ɗana, subhanallahi. Ruwa ya yi gyara."

Ku da kuke karanta wannan daga Adar zuwa Gobir kun san abin da dattijon ya faɗa. A wajenmu ba a kai ƙarar ruwan sama. Ko ɗakinka ya rushe kana tsaye a kan tarkacensa, in aka ce maka yaya ruwa, ka ce ya yi gyara. Kowa ya san me kake nufi, sai a ce Allah ya mayar da alheri. Nazifi ma ya sani. Da wannan gaisuwar aka yaye shi.

Amma sai ya matso da wayar bakin tsohon.

"Sake hwaɗi da ƙarhi. Gyara ko ɓarna?"

"Gyara, ɗana. Ruwa ba shi ɓarna."

"Bwala," in ji Nazifi. Ya hau motonsa, babur ɗin aiki, ya tafi.

Bayan kwana tara takarda ta iso hannun Shafa'atu, da Faransanci. Kamfani na baƙin cikin sanar da ita cewa ba zai gyara ba. Mai gidan da bakinsa ya shaida cewa ruwan sama bai yi wata ɓarna ba. Saboda haka yoyon daga tsufan rufi ne da rashin kula, kuma wannan ba ya cikin yarjejeniya.

Rufin da bai cika shekara biyar ba.

Ta karanta sau uku a tsaye. Washegari da sassafe ta hau motar Madawa.

Ta sami Nazifi a biro yana juyi a kan kujera. Ta gaishe shi, ta ajiye takardar, ta yi masa bayani a hankali kamar yadda take yi wa 'yan aji ɗaya. Ta ce masa shi ɗan ƙasa ne, ya san abin da tsoho ke nufi. Ya ce shi bai san nufi ba, ya san abin da aka faɗa, kuma a biro ba a aiki da al'ada, da dosiye ake aiki, wato abin da ke rubuce a takardun mutum. Ya kunna mata muryar ubanta har sau biyu, yana kaɗa alƙalami a kan tebur.

Ta ce to fotunan fa, sama ake gani ta tsakiyar ɗaki. Ya ce foto na nuna rami ne, ba ya nuna wanda ya yi ramin.

Da ya ga ba ta da niyyar tashi, sai ya zaro wata farar takarda ya rubuta layi ɗaya, da Faransanci a sama, da Hausa a ƙasa: Ni Isaka na shaida cewa ruwan sama ya yi mini ɓarna.

"Bon, Madan. Ki kai mai. Shi hwaɗe ta da bakinshi ki ɗauko muryar, shi dangwala yatsa nan. Donk in ya yi haka sai mu sake duba dosiye. Bwala, na taimake ki."

Ta fito tana jin abin ya zo da sauƙi. Layi ɗaya ne.

Ta isa ƙauye da azahar. Abin da ta fara gani shi ne kwanoni. Kwanonin nan da Mahfuzu ya ce a ci tuwo da su, ga su jere a tsakar ɗaki, har da tasa da bokiti. Baba Isaka ya hau ya shimfiɗa leda da buhuna a inda rufin ya buɗe, ya danne da duwatsu, amma duk ruwan da aka yi sai ya sami hanya. Bango ya yi baƙi. Ɗakin na warin sanyi. Inna Kulu na kwance a kusurwar da ta fi bushewa, numfashinta na ƙara kamar ana jan zare a cikin ƙirji.

Shafa'atu ta roƙe ta ta koma Buza wajenta, ko ɗakin maƙwabciya. Inna Kulu ta ce in ta bar ɗakin yaron nan a wannan halin, da wane ido za ta dube shi gobe ƙiyama. An kai ta likita sau ɗaya, an ba ta ƙwayoyi, an ce ta guji sanyi. Ta dawo ta kwanta a inda ta tashi.

Shafa'atu ta sami ubanta a gindin bedi ta karanta masa layin. Ya saurara har ta gama. Sannan ya ce ta zo su je gona.

Geron ya kai ƙirji, kore shar, ya fara ɗaukar ciki. Ya shafa wani ganye da bayan hannu.

"Kwana goma sha bakwai munka yi babu ɗigo kahin ruwan Larabar nan. Geronga ya hwara naɗe kunne. Ruwan da ya shiga ɗakin uwakki shi na wanga da ya tashe shi. Wane za ni kai ƙara, Shafa? Na ɗaki ko na gona?"

"Baba, magana ce kawai. Allah ya san zuciyarka."

"To ai shi na ji ma kunya."

Ta ce masa Inna na tari. Ya ce yana jin tarin, shi ke kwana kusa da shi. Ta ɗaga murya, abin da ba ta taɓa yi masa ba. Ta ce kalma ɗaya ta fi matarsa ke nan. Bai yi fushi ba. Ya zauna a kan kunyar gero ya ba ta labarin da ta san rabinsa kawai.

Kafin a haifi Mahfuzu sun yi wata ɗiya, Balki. Shekarar tamanin da huɗu tana da shekara biyu. Ruwan farko na shekarar ya zo da ƙarfi ya rushe masa rumbu. Shi kuwa da ƙuruciya a kai, ya tsaya a tsakar gida ya ce wannan ruwa ya cuce shi, ya yi masa ɓarna. Ubansa ya ce ya yi istigfari. Bai yi ba. Daga wannan ruwan sai yayyafi biyu, damina ta ɗauke. Aka fita roƙon ruwa har aka gaji. Gero ya bushe a tsaye. Nonon Kulu ya ƙafe, awaki suka mutu, aka koma cin ganye. Balki ta rasu a kan cinyarsa, bakinta a buɗe.

"Na san ba maganata ta hana ruwa ba, ni wane ne. Malamai sun hwaɗa mani. Amma ranar da na sa ta cikin ƙasa, ƙasar nan busassa ƙurmus, na ce ma Allah in ya sake ba mu ruwa, bakinga nawa ba shi ƙara kiran shi da mugun suna. Shekara arba'in ban saɓa ba."

Ya ce zai iya cewa iska ta ɗaga kwano, zai iya cewa ƙanƙara ta huda, duk gaskiya ne. Shafa'atu ta buga wa Nazifi waya a nan take. Ya ce wanda ya sake magana bayan an rufe rapor, wato rahoton da ya rubuta, kamfani na ɗaukarsa maƙaryaci. Layin da ya rubuta, shi kaɗai zai karɓa.

Da suka koma gida, ta durƙusa kusa da uwarta ta ce ta sa baki, ita kaɗai yake ji. Inna Kulu ta kama hannunta. Hannun da zafi.

"Kak ki matsa mai. Ni na haihi Balki. In ya hwaɗi kalman nan don ni, ba ni kwana ƙarƙashin kwanon da anka saya da ita."

Shafa'atu ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta wajen awaki.

Amma ba ta bari ba. Ta nemo Yaƙubu magini, wanda ya yi rufin tun farko, ya hau ya duba ya ce katako lafiya lau yake, ƙusa iska ta tuge su, kuma zai faɗi haka a gaban kowa. Ta rubuta wasiƙa mai shafi uku zuwa babban ofishin kamfanin a Tawa. Ta buga waya har mai ɗauka ya gane muryarta. Ƙarshe aka ce shef, wato shugabansu na Tawa, zai zo Madawa ranar Alhamis ta sama, ta zo da mai gidan.

Mako biyu ke nan. A cikinsu an yi ruwa sau huɗu.

Ranar Alhamis ɗin Baba Isaka ya sa farar rigarsa ta Juma'a, suka shiga motar kasuwa. A hanya aka ɗauki wasu mata 'yan Allakaye, suna ta labarin ruwan Talata da ya kwantar da ɗakuna a garinsu, har da na Hajjo mai ƙuli-ƙuli. Allah ya sa tana waje, amma komai nata na ƙarƙashin ƙasa, yanzu a zauren maƙwabta take kwana. Baba Isaka ya tambaya ko ita ce uwar yaron nan na asirans. Suka ce ita ce. Ya girgiza kai ya yi mata addu'a. Shafa'atu ba ta ce amin ba, kuma ni ban ga laifinta ba.

Shef ɗin mutumin kirki ne, mai furfura a gemu. Sai dai ba a ƙasar Hausa ya tashi ba, Hausarsa ta sayen nama ce a kasuwa. Ya ba tsoho kujera, ya saurari Shafa'atu har ta gama. Sannan Nazifi ya kunna muryar. Shef ya ji "gyara", ya ji "ruwa ba shi ɓarna". Waɗannan kalmomin ya san su.

Shafa'atu ta yi masa bayani da Faransanci cewa gaisuwa ce, ladabi ne ga Wanda ya saukar da ruwan. Shef ya juya ga Nazifi, tunda shi ne ɗan ƙasa a cikin ma'aikatansa, ya tambaye shi ko haka ne.

Nazifi ya gyara wuyan riga. Ya ce wataƙila a da can tsofaffi na faɗin wani abu mai kama da haka, amma shi bai san wanda ke faɗinsa yanzu ba. In mutum ya ce gyara, gyara yake nufi. Iyalin dai sun ga an hana su ne suka nemo wata fassara. Bwala.

Shef ya dubi tsohon da tausayi. Ya ce a tambaye shi sau ɗaya tak, a gabansa: ruwa ya yi masa ɓarna ko bai yi ba?

Shafa'atu ta fassara. Baba Isaka ya dubi tafin hannunsa. Leɓensa ya motsa. Ta san yana ganin Kulu a kusurwar ɗaki, kuma ta san wa yake gani bayan Kulu.

"Ki ce mai iska ta ɗauke kwano biyu, ƙanƙara ta huda saura, matata na kwance cikin sanyi. Ruwa kuwa ya yi gyara."

Shef ya buɗe hannuwa, ya ce ya yi haƙuri, ba abin da zai iya. Ya rufe dosiye.

Suka miƙe. Shafa'atu ta riga ta kai ƙofa. Sai ta ga ubanta bai biyo ta ba. Ya zagaya tebur ya je wajen Nazifi, ya kama hannunsa da hannu biyu, kamar yadda ake yi a ƙauye.

"Ɗana, cikin mota na ji abin da ya samu tsohuwarka. Anka ce ɗakinta ya kwanta ranar Talata, komi nata ya tahi. Sannunku. Allah shi maida alheri. Yaya ruwan?"

Ba tarko ya ɗana ba. Wallahi jaje kawai yake yi. Kuma jaje in ya zo wa mutum da muryar garinsu, ba ya bi ta kai, ta ciki yake bi. Nazifi ya sunkuyar da kai, gwiwarsa ta ɗan lanƙwashe da kanta, babu bon, babu donk.

"Ruwa ya yi gyara, Baba."



Shef ya ajiye alƙalaminsa a hankali. Ya tambayi Nazifi ko gaskiya ne ɗakin uwarsa ya rushe. Ya ce gaskiya ne. Ruwa ne ya rushe shi? Ruwa ne. To me ya ce wa tsohon yanzun nan?



Shef ya sake buɗe dosiye. Ya ja layi a kan rapor ɗin daga sama har ƙasa. Ya miƙe tsaye ya ba Baba Isaka hannu, ya ce da 'yar Hausarsa: "Baba, mun yi kuskure. Za a yi kwano sabo." Ya ce takardu za su je Tawa su dawo, kwana goma a kai kaya. Nazifi kuwa ya ce masa ya jira shi a ciki.

Da suka koma gida Shafa'atu ta kwaikwaya wa uwarta yadda aka yi, har da lanƙwashewar gwiwa. Inna Kulu ta yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe bai tsaya ba. Da ya lafa ta ce, "Malam bai hwaɗa ba ko?" Aka ce bai faɗa ba. Ta ce alhamdulillahi, ta lumshe ido.

A kwana na shida jikin ya yi tsanani, aka ɗauke ta a amalanke zuwa bakin hanya, daga nan likita a Buza. Wannan karon ba ta da ƙarfin gardama. Ma'aikatan likita suka ce sanyi ya riga ya cika mata ƙirji. A kwana na takwas, da hantsi, ta cika. Abin da ta faɗa na ƙarshe shi ne a zubar da ruwan kwanonin kada su cika su jiƙa ɗakin yaron nan.

Ranar sadakar uku, mutane na zaune a ƙofar gida, sai ga mota ta tsaya da sabon kwano a baya, yana ɗaukar ido. Kwana goma cif, kamar yadda shef ya ce. Wanda ya fara saukowa Nazifi ne. An ɗage masa ƙarin girma, an ce kuma shi zai raka kayan da kansa. Bai san an yi rasuwa ba sai da ya ga tabarmi.

Ya tsaya. Ya cire takalmi tun daga bakin hanya, ya tako ƙasa da safa. Ya durƙusa gaban Baba Isaka. Gaisuwar ta'aziyya da kowane yaro ya iya, ya kasa haɗa ta. Sai hawaye.

"Baba, na sani. Tun ranar na sani."

"Na san ka sani," in ji tsohon. "Kwananta ne ya ƙare. Amma da ta ƙare shi cikin ɗaki busasshe, da na hi jin daɗi. Wanga kai da Allah."

Bai ƙara ba. Mutanen da ke wurin sun ce da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Bayan addu'ar bakwai Yaƙubu magini ya hau ya cire tsohon rufin ya buga sabo. A cikin tsofaffin kwanon aka sami takwas masu lafiya, ƙusa kawai suka rasa. Yaƙubu ya ce a sayar. Shafa'atu ta ce a yi wa awaki rumfa. Baba Isaka ya ce a ɗora su a amalanke a kai Allakaye gidan Hajjo mai ƙuli-ƙuli.

Shafa'atu ta ce, "Baba, uwar wa?"

"Tsohuwa ce tana kwana zauren mutane, kuma damina ba ta ƙare ba. Uwakki ta san abin da sanyi ke yi. Da tana nan da ita za ta riga ni hwaɗi."

Aka kai.

Ruwan ƙarshe na shekarar ya sauko wata Asabar da rana. Baba Isaka na zaune shi kaɗai a uwar ɗaki, sabon kwano na kiɗa a kansa, ko ɗigo bai shigo ba. Kwanonin Inna Kulu na kife a kusurwa, a bushe. Hoton Mahfuzu na jikin bango. Ya daɗe yana duban wurin da tabarmarta take.

Da aka ɗauke, maƙwabcinsa ya leƙo ta kan darni ya ce, "Malam Isaka, yaya ruwa?"

Ya share fuska da hannun riga kafin ya fito.

"Ya yi gyara."

Darasi: Kada ka mayar da ladabin mutum makamin da za ka cuce shi da shi. In Allah ya ba ka alƙalami da kujera, ka rubuta abin da ka san mutum yake nufi, ba abin da zai amfane ka ba, don haƙƙin da ka jinkirta yana iya isowa bayan an ɗauke mai shi. Mu kuma masu tsofaffi a gida, kada mu bar su su kaɗai gaban mai takarda, harshensu na kunya ne, ba kowa ke da amanar fassara shi ba. Ku tura wa duk wani ɗan'uwa da ke aikin biro, wataƙila akwai dosiyen wata Inna Kulu a kan teburinsa yau.